Babi na Huɗu: Yaya Ƙwaya Ke Sanin Inda Ke Ciwo?

Mai ciwon haƙori da mai ciwon kai da wanda ya yi targaɗe sukan je kemis guda, a ba su ƙwaya iri guda, kowa ya kora da ruwa, bayan kamar rabin awa kowa ya ce ya ji dama-dama. To yaya aka yi ƙwayar ta gane cewa wannan haƙorinsa ne ke damunsa, wancan kuwa ƙafarsa ce? Yara kan yi wannan tambaya a yi musu dariya, amma ba kasafai masu dariyar ke da amsa ba.

Amsar ita ce ba ta sani ba. In ƙwaya ta narke a ciki sai ta ratsa hanji ta shiga jini, jini kuwa cikin kamar minti guda yake gama zagaye jiki. Maganin da ka sha don haƙori ya je hanta, ya je ƙoda, ya je har ɗan yatsan ƙafa. Kamar ruwan sama ne da ya sauka a gari baki ɗaya: gidan da gobara ta kama shi zai fara hamdala, amma mai shanyar hatsi a can wata unguwa shi ma ya jiƙe. Amfanin waɗannan magunguna da ɓarnarsu duk daga nan suka samo asali, kuma tarihinsu kusan gaba ɗaya labari ne na yadda mutane suka riƙa gano amfanin da wuri, ɓarnar kuwa sai daga baya.

Daga ina zafi ke zuwa?

A fata da tsoka da gaɓoɓi da kayan ciki akwai ƙananan bakunan jijiyoyi waɗanda aikinsu shi ne su ji in an yi ɓarna, ko yanka ne, ko ƙuna, ko bugu. Da sun ji sai su tura saƙo ya bi jijiya zuwa laka, daga laka ya hau ƙwaƙwalwa. Sai saƙon ya isa can ne mutum ke cewa wash. Bayan haka naman da ya ji rauni yakan fitar da wasu sinadarai da ke kawo kumburi, su kuma ƙara wa bakunan jijiyoyin nan saurin ji. Shi ya sa mai maruru ko riga ce ta gogi wurin sai ya zabura.

Maganin kashe zafi shi ne duk wanda ke rage ƙarfin wannan saƙo alhali mutum na cikin hayyacinsa, yana gani yana ji. Wani a wurin raunin yake tare saƙon, wani kuma a laka da ƙwaƙwalwa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke cike ramin haƙori ko ɗora karaya. Ruɓaɓɓen haƙori yana nan yadda yake, mai shi ne kawai ya daina samun labari.

Rashin samun labarin kuwa ba ƙaramin hatsari ba ne. Mutane da yawa suna zaton cutar kuturta ce ke cinye yatsu da kanta. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi shekaru yana aiki da kutare a Vellore a kudancin Indiya, ya nuna cewa babban abin da cutar ke yi shi ne kashe jijiyoyi. Mutum ya ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, ƙaya ta soke shi ya yini yana takawa, rauni ya ruɓe, a hankali gaɓa ta tafi. Haka ma ƙafar mai ciwon sukari da ya daɗe.

Akwai dai magungunan da za a iya cewa sun san wurin, domin da hannu ake kai su. Tsohuwar dabarar nan ta danna kanumfari a kan haƙori mai ciwo ba camfi ba ce: man da ke cikinsa yana sa wurin ya yi dundurus na ɗan lokaci, kuma har yau likitocin haƙori na amfani da shi a wasu abubuwan cike rami. Amma magungunan da suka mamaye duniya na haɗiya ne, kuma mafi yawansu daga tsirrai biyu zuriyarsu ta fito.

Ɓawon bishiyar bakin rafi

Tsiro na farko bishiya ce da Turawa ke kira wilo, Larabawa su ce safsaf, mai son bakin ruwa. Masu magani na zamanin da sun san ganyenta da ɓawonta, amma wanda ya fara gwada ta bisa tsari ya kuma rubuta abin da ya gani wani limamin coci ne a garin Chipping Norton na Ingila, Edward Stone. Wata rana ya ɗanɗana ɓawon ya ji ɗaci irin na ɓawon da ake kawowa daga Peru don maganin zazzaɓi, wanda daga gare shi aka samo kwinin, mai tsada ƙwarai a lokacin. Sai ya busar da ɓawon wilo kusa da murhun mai burodi, ya daka, ya riƙa ba masu zazzaɓi. Cikin shekara biyar ya ba wa kimanin mutum 50, sannan a 1763 ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan da rahotonsa.

Daga nan masu haɗa sinadarai suka karɓa. A 1828 Johann Buchner a Munich ya ware sinadarin da ke aikin, bayan shekara goma wani ɗan Italiya, Raffaele Piria, ya sarrafa shi ya zama wanda ya fi ƙarfi. Yana sauke zazzaɓi, yana rage ciwon gaɓoɓi, amma ɗanɗanonsa ba daɗi kuma yana ƙona ciki, har wasu marasa lafiya kan ce gara ciwon.

Ranar 10 ga Agusta 1897 wani matashin ma'aikacin kamfanin Bayer na Jamus, Felix Hoffmann, ya haɗa wani nau'insa mai tsabta wanda ciki ya fi iya ɗauka. A 1899 kamfanin ya yi masa rajista da sunan Aspirin. Wa ya cancanci yabon, har yau ana gardama. Wani babban ma'aikacin kamfanin, Arthur Eichengrün, Bayahude da ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, ya rubuta a 1949 cewa shi ne ya ba da umarnin aikin aka share sunansa. Ko ma wane ne, asfirin ya zama ƙwayar da ta fi kowace yawo a duniya, kuma aka yi sama da shekara 70 ana shan ta ba wanda ya san yadda take aiki.

Abin da John Vane ya gano

A 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya warware matsalar, abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1982. Cikin sinadaran nan da rauni ke fitarwa akwai wata zuriya da ake kira furostagilandin. Su ne ke hura kumburi, su tsananta zafi, su ɗaga zazzaɓi. Asfirin na hana jiki ƙera su. Inda duk ake ƙera su da yawa, wato wurin raunin, nan za a fi jin sauƙi. Ga amsar tambayarmu ke nan.

Sai dai jiki ba don ya wahalar da mu kaɗai yake ƙera furostagilandin ba. A tumbi, su ne ke sa a samar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narka abinci. A ƙoda, su ne ke buɗe hanyoyin jini, musamman idan jiki ya rasa ruwa. Wani ɗan uwansu kuma shi ke taimaka wa jini ya daskare a bakin rauni. Ƙwaya ba ta tambaya wanne ne na maruru wanne ne na tumbi, duka take tsayarwa. Daga nan gyambon ciki ke zuwa, da aman jini, da baƙin bayan gida, da gazawar ƙoda. Hana daskarewar jinin kuwa sai ya zama alheri ga wasu: shi ya sa likita kan rubuta wa mai ciwon zuciya ƙaramar asfirin mai miligiram 75 kullum. Yara kuma aka daina ba su asfirin a kan zazzaɓi, saboda an ga tana da alaƙa da wata cuta mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa.

Ibufurofen da daikulofenak duk 'yan gida ɗaya ne da asfirin a wajen aiki. Na farkon Stewart Adams da John Nicholson ne suka samar da shi a kamfanin Boots na Nottingham, ya shiga kasuwa a 1969. Na biyun daga Suwizalan ya fito a 1973 da sunan Voltaren. Wanda ke son ganin ƙarfin daikulofenak a kan ƙoda ya dubi abin da ya faru da ungulu a Indiya da Pakistan. Makiyaya sun riƙa yi wa shanu allurarsa, saniya ta mutu ungulaye su ci mushen, ƙodarsu ta tsaya. Wasu nau'o'in ungulu sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari kafin Indiya ta hana ba wa dabbobi maganin a 2006.

Mutum ba ungulu ba ne, jikinsa ya fi jure maganin nesa ba kusa ba. Amma a duba lebura ko ɗan dako da ya yini cikin ranar watan Afrilu, gumi ya tsiyaye masa, cikinsa ba komai, da yamma ya tsaya wurin mai tallan magani a ƙulla masa haɗin maganin gajiya a leda. Sau da yawa a cikin ƙullin akwai ƙwaya biyu 'yan gida ɗaya, launinsu ne kawai ya bambanta. Sauƙin da za su ba shi bai ninka ba, ɓarnar ce ke ninkawa. A ganina wannan ƙullin ya fi kowace ƙwaya da ke cikinsa hatsari, domin mai sha bai san sunan abin da ya haɗiya ba, balle ya gaya wa likita ranar da ta ɓaci.

Wanda aka yi watsi da shi

Farasitamol kuwa, wanda muka fi sani da sunan Panadol, kuskure ne ya buɗe masa hanya. A 1886 wasu likitoci biyu a Strasbourg, Arnold Cahn da Paul Hepp, suka aika a kawo musu naftalin, sinadarin nan da ake jefawa cikin akwatin tufafi don korar ƙwari, suna so su gwada shi a kan tsutsar ciki. Aka yi kuskure aka ba su wani sinadari dabam. Tsutsa ba ta mutu ba, amma zazzaɓin maras lafiyar ya sauka. Aka shiga sayar da shi, sai aka ga yana ɓata jini har leɓen mai sha ya koma shuɗi.

Farasitamol ɗan uwan wannan sinadari ne. Wani likitan Jamus, Joseph von Mering, ya gwada shi a 1893 ya yanke hukuncin cewa shi ma yana ɓata jini, aka ajiye shi fiye da shekara hamsin. Sai a 1948 Bernard Brodie da Julius Axelrod a Amurka suka nuna cewa jiki da kansa ke mayar da wancan tsohon magani farasitamol, kuma shi ne ke kawo sauƙin, ɓata jinin laifin wani ne. Ya fito a Amurka da sunan Tylenol a 1955, a Ingila da sunan Panadol a 1956.

Ya fi aiki a ƙwaƙwalwa da laka, ba ya cin tumbi, amma kuma ba ya sauke kumburi sosai. Nasa rauni a hanta yake. Babban mutum mai lafiya ba ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 cikin awa 24, yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa. Wanda ya wuce iyaka da yawa zai iya yin kwana ɗaya ko biyu yana jin kamar ba komai, alhali hanta na mutuwa. Kuma magungunan mura da yawa akwai farasitamol a ciki, mutum ya haɗa su da Panadol bai san ya sha abu ɗaya sau biyu ba.

Ƙaron fure

Tsiro na biyu ya girmi wilo a tarihi, ya kuma fi shi ƙarfi da fitina. Fure ne da Larabawa ke kira khashkhash. In furen ya zube yakan bar ƙwallo, a tsaga shi da wuƙa tun yana ɗanye, farin ruwa ya tsatso, ya kwana ya yi duhu, da safe a kankare. Wannan ƙaro shi ne ofiyom, afyun a littattafan Larabci. Mutanen Masar da Girka na da sun san shi. Ibn Sina, a littafinsa Al-Ƙanun da ya kammala a 1025, ya sa shi a sahun gaba na masu kashe zafi, ya kuma yi gargaɗi cewa in ya yi yawa kisa yake yi. Cinikinsa ne ya sa Ingila ta yaƙi ƙasar Sin daga 1839 zuwa 1842, yaƙin da ya ba ta Hong Kong.

Matsalar likitocin da ita ce awo. Ƙaron bana ba lalle ya yi ƙarfin na bara ba, abin da ya kwantar da wani jiya ya iya kashe wani yau. Wajen 1804 wani yaron kantin magani a garin Paderborn na Jamus, Friedrich Sertürner, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ware ainihin sinadarin da ke sa barcin, wato mofin. Daga baya ya gwada shi a kansa da wasu samari uku, suka sha fiye da kima, da ƙyar suka tsira. Wannan ne karo na farko da aka zaro ƙwayar aiki daga cikin tsiro aka iya auna ta a sikeli. A 1827 kamfanin Merck ya fara sayar da mofin, a 1832 wani Bafaranshe, Pierre Robiquet, ya zaro kodin daga ƙaron, a 1853 kuma aka samu sirinjin allura.

Yadda mofin ke aiki sai a shekarun 1970 aka gane. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder a Amurka suka nuna cewa a ƙwaƙwalwa akwai gurabe na musamman da yake sauka a kai. Bayan shekara biyu John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka gano dalilin: jiki na ƙera nasa mai kashe zafin, mofin gurbinsa kawai yake ara. Amma guraben ba a hanyar zafi kaɗai suke ba. Akwai su a hanji, shi ya sa mai shan kodin ke fama da taurin bayan gida. Akwai su a sashen da ke sa mutum jin daɗi, daga nan jaraba ke kamawa. Akwai su a gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi, kuma ta nan ake mutuwa: mutum ya yi barci, numfashi ya riƙa ja da baya har ya tsaya.

Alkawarin da aka sha maimaitawa

Da allura ta zo, wasu likitoci sun ɗauka tunda maganin bai bi ta baki ba, ba zai sa kwaɗayinsa ba. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya bar tsoffin sojoji da yawa da ba sa iya rabuwa da shi. Sai kuma Felix Hoffmann ɗin nan dai: kwana goma sha ɗaya bayan ya haɗa asfirin, ya yi wa mofin irin wannan gyara. A 1898 Bayer ta fitar da abin da ya samu a matsayin maganin tari, aka riƙa tallarsa a kan cewa ya fi mofin aminci. Sunan da ta ba shi Heroin, wato hiroyin. Ta daina yin sa a 1913.

Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1996, kamfanin Purdue na Amurka ya fito da OxyContin yana gaya wa likitoci cewa da wuya ya kama mutum. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a kan wannan magana a gaban kotu. Amma wuta ta riga ta kama: waɗanda suka saba suka koma hiroyin, daga nan fentanil, kuma a 2021 kaɗai sama da mutum 80,000 suka mutu a Amurka ta dalilin magungunan wannan zuriya.

Tiramol da saiwar tafashiya

Namu kason ya zo da suna biyu. Tiramadol, wato tiramol, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977, shi ma da shaidar cewa mai sauƙi ne. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa Afirka ta Yamma yakan kai 225, ana sha don a jure aiki ko don maye, kuma in ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Kodin kuwa ta maganin tari ya shigo, har cikin ɗakunan matan aure, sai da gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu 2018, bayan wani binciken BBC. Wata ƙididdiga da aka yi a ƙasar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta nuna kimanin mutum miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba.

Wani labari daga Kamaru ya nuna zurfin abin fiye da kowace ƙididdiga. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami tiramadol a cikin saiwar tafashiya, itacen da masu maganin gargajiya suka daɗe suna amfani da shi. Aka yi ta mamaki, ashe abin da Bajamushe ya haɗa a ɗakin bincike Allah ya riga ya ajiye shi a daji. Shekara ta zagayo, wata tawaga daga Dortmund ƙarƙashin Michael Spiteller ta je arewacin Kamaru ta auna, ta sami maganin a saiwar wasu itatuwan dabam, da cikin ƙasa, da cikin ruwa. Manoma na sha, suna kuma ba shanun huɗa don su jure rana, fitsarinsu ya sauka ƙasa, saiwa ta tsotsa. A kudancin ƙasar, inda ba a wannan al'ada, saiwar tafashiya ba ta da ko ɗigo.

Waɗanda ba su samu ba

Duk da wannan, kuskure ne a ɗauka cewa matsalarmu yawan magani ce kawai. A gari guda da matashi ke sayen tiramol a bakin tasha, akwai mai ciwon daji da ya ci ƙashi yana kwana yana ihu, akwai mai sikila da ciwonsa ya tashi, akwai wanda ya ƙone, kuma asibiti ba mofin, ko akwai amma ma'aikata na tsoron bayarwa. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da danginsa da ake rabawa don jinya.

Mofin ba shi da tsada, kuma hanyar ba da shi sananniya ce. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku ga mai ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa irin su kodin, in bai isa ba a ba da mofin, ta baki, a kan lokaci, ba sai maras lafiya ya yi kuka ba. A Yuganda wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a 1993, ta riƙa dama garin mofin da ruwa ana zubawa a kwalba ana kai wa marasa lafiya har gida. Daga baya ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, abin da ya kai shi ƙauyukan da ba likita.

Akwai kuma zafin da duk magungunan nan ba su iya masa ba, wato zafin wuƙar likita. Shekara arba'in bayan an sami mofin, ƙarti ne ke danne mutum a yanke masa ƙafa, gwanin likita kuwa shi ne mai saurin hannu. A babi na gaba za mu je birnin Boston, ranar 16 ga Oktoba 1846, inda wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shigo ɗakin tiyata a makare, riƙe da wata kwalba, ya ce zai sa mutum barci a yanka shi bai sani ba.